Dinyar da Aka Zura a Bututun Hayaƙi

Fenby, Oktoba 1893

Zuwa ga mijina Enoch,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Hull? Ina fata matar da kake haya a gidanta ta daina ba ka romon nan da ka ce ana hango gindin kwano ta cikinsa. Mu dai muna nan. Ba zan ce lafiya lau ba, don kada in fara maka da ƙarya.

'Yarka Ada tari take yi. Ba tarin mura ba ne, wani busasshe ne mai fito, in ya taso mata sai ta riƙe ƙafar tebur. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne, bututun hayaƙin gidan nan ya cushe. Da na hura kwal, hayaƙi zai leƙa sama ya ga ba hanya, ya dawo mana. Labule ya yi baƙi, burodi ɗanɗanon kunkunniya yake yi, in na fyace hanci sai na kau da kai. Ga shi bututun ta bayan gadon Ada ya bi a bene, kuma bangon wurin ya tsage, kullum da safe sai na share baƙin gari a kan matashinta. Rabon da a share shi tun mahaifiyarka na da rai, Allah ya ba ta hutawa.

Na ce wa Baba, mahaifinka, a kira Tobias Leake mai sharar bututu kafin sanyi ya kankama. Sai ya ajiye cokali, ya dube ni ta saman tabarau yadda yake duban ɗaliban da ba su iya lissafi ba, ya ce, "Yarinya, buroshi ba zai shiga bututun nan ba ina numfashi. Shekara ɗari uku yana tara mini hujja, ke kuma ki ce a share?"

Ba ka san inda abin ya kai ba, don in ka zo kwana ɗaya kake yi ka gudu. Tun da mahaifinka ya bar koyarwa ya samu kalma ɗaya tak ya aura, wato flue, sunan ramin da hayaƙi ke bi. Safe da rana ita muke ci a tebur. Ya ce 'yar'uwarta chimney, sunan bututun kansa, kowa ya san gidan ubanta, Faransawa ne suka kawo mana ita, su kuma daga Romawa, Romawa daga mutanen Girka, inda take nufin tanderu. Amma flue marainiya ce, ba wanda ya san wa ya haife ta. Wasu sun ce daga Holan ta ƙetaro, wasu sun ce daga wata tsohuwar kalmar Faransa mai nufin kwarara. Duk ya haɗa su ya ce jakuna ne. Ya rantse shi zai gano mata uba, ya karanta a gaban ƙungiyarsu ta masu tonon tsofaffin abubuwa.

Da a baki abin ya tsaya, da ban kai ƙara ba. Matsalar ita ce kalmar tana da wasu ma'anoni, kuma kowace ma'ana sai da ya ba ta masauki a gidan nan. Ashe ana kiran wani irin tarun kamun kifi da wannan suna, to ga ruɓaɓɓen taru can shimfiɗe a kan kujerar falo, da ɓawon kifi a jikinsa, ƙarni har bakin ƙofa. Wai da can haka ake kiran bakin ƙahon mafarauta, ga ƙaho nan yana busa mana bayan cin abinci, yawu na ɗiga ta ƙarshensa. Wanda ya fi ba ni ƙyama shi ne ƙurar nan mai kamar auduga da ke taruwa a ƙarƙashin gado, ita ma wai sunanta ke nan. Ya hana ni shara. Da kansa yake rarrafe da cokalin shayi yana kwasa yana ɗurawa a kwalabe, har gidajen mutane yake bi yana roƙo. A kan kantar da nake ajiye kayan abinci yake jera su. Jiya na miƙa hannu zan ɗauko zuma, na ɗauko ƙurar ƙarƙashin gadon Rabaran Ashby, da gashin kansa a ciki.

Enoch, gidan mahaifinka ne, ni ba ni da ta cewa. Amma kai ɗansa ne tilo, kuma kai ne mai wuni kana sharar bututun injin jiragen ruwa, ka san abin da hayaƙi ke yi wa ƙirji. Rubuto masa layi biyu kawai, ka ce a share. Maganarka zai ji.

Ada na gaishe ka, ta ce ka zo mata da alewar da ka yi alkawari.

Taka har kullum,
Keziah

Fenby, Nuwamba 1893

Mijina Enoch,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, takardarka ta iso, na gode. Na gode da safar da ka aiko wa Ada, ta yi mata daidai. Na karanta takardar har ƙarshe, na juya bayanta ko layi biyun da na roƙa suna can, na tarar fari fat.

Ka ce in yi haƙuri, Baba ya tsufa, kuma tun rasuwar Mama binciken nan ne ke riƙe da ransa. Na ji. To ran Ada fa, me ke riƙe da shi? Haƙurin kaya sai jaki, Enoch, kuma ko jakin ba a ɗora masa a ƙirjin 'yarsa.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar da Baba ya tafi kasuwa na aika a kira Leake. Mutumin nan ya zo, ya shimfiɗa tsummansa, ya fara haɗa sandunan buroshi, sai ga Baba ya dawo ɗaukar laima. Na zaci Leake zai buɗe baki ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ina! Hula ya cire yana ta rusunawa: "Gaskiyarka ne, Maigida Garfit, irin wannan bututu ai ba na taɓawa ba ne, sai masu ilimi." Aka ba shi kofin giya a kicin, ya sha ya lashe gashin baki, ya naɗe kayansa. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, yau na yarda.

Da tarin ya ƙaru na sa aka kira Likita Marfleet. Ashe shi ma ɗan ƙungiyar ne. Ya ɗora kunne a bayan yarinya, kafin ta gama jan numfashi ya ɗago ya ce a ba ta zuma da ruwan ɗumi, a nisanta ta da hayaƙi. Na ce, "Likita, a gidan nan ina ne nesa da hayaƙi?" Bai ji ni ba, don lokacin ya riga ya durƙusa ya cusa kai cikin murhu tare da Baba, ɗuwawunsu biyu a waje, suna ta "Ikon Allah!" Shayin da na zuba masa har ya yi sanyi bai fito ba.

A ranar na ji abin da ake ɓoye a bututun. Ka tuna labarin da tsofaffi ke bayarwa, wai da can ba a kiran mai shara a ƙauyukan nan, dinya ake kamawa da ranta, a ɗaure ƙafafunta da igiya, a zura ta daga sama, tana fuffuka tana kaɗo kunkunniya har ta fito ta murhu? To Baba ya ce a nan uban kalmar yake. Wai lallausan gashin dinya da ke maƙalewa a ramin shi ya ba ramin sunansa, shi ya sa ramin hayaƙi da ƙurar gado suke suna ɗaya. Ya ce in aka duba cikin tsohuwar kunkunniyar za a ga gashin dinyoyin kakanni. Kuma don kada wani ya musa, zai gwada a gaban shaidu. Dinyar da nake kiwo don zuwanka Kirsimeti ita ya zaɓa.

Na ce, "Baba, dabba ce mai rai." Ya ce, "Yarinya, ran Kirsimeti ba yanka ta za ki yi ba? Gara ta yi wa ilimi hidima kafin ta yi wa cikinku." Likita ya yi dariya har da buga gwiwa. Na je wa maƙwabciyarmu Uwargida Odling da kuka, ina zaton mace za ta ji mini, sai ta ce, "Haba 'yar nan, kakata ma haka take yi. In dinya ta fi ƙarfinku ku zura agwagwa biyu." Ƙauyen nan kaf ba mai jin ƙyamar abin sai ni, har na fara tambayar kaina ko ni ce ba daidai ba.

Yayata Rhoda ta rubuto daga Louth ta ce in kawo Ada mu yi lokacin sanyin a wurinta. Ban amsa ba, don ka ce kada in bar Baba shi kaɗai, kuma ban son a ce matar Enoch Garfit ta yi yaji. Amma ka zo. Hull ba bangon duniya ba ce, in ka fito da safe kafin la'asar kana gida. Ka zo ka tsaya a falon nan ka shaƙi abin da muke shaƙa, sannan ka sake ce mini haƙuri ido da ido.

Ada ba ta iya riƙe alƙalami yau ba, amma ta ce a gaishe ka.

Matarka,
Keziah

Fenby, ƙarshen Nuwamba 1893

Enoch,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Na ga uzurinka, wai jirgi ya shigo gyara ba za a sake ka ba. To an yi abin ba kai, bari in ba ka labari, tun da kai ma gādonka ne.

Ranar Asabar da hantsi gidan nan ya cika kamar ana biki. Rabaran Ashby da matarsa, Likita Marfleet, da wasu dattawa biyu na ƙungiya da suka zo daga birni da dogayen huluna. Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci. Aka sa ni na dafa shayi a gidan Odling na yi ta jigila, don an kashe wutarmu tun jiya bututu ya huce. Na naɗe Ada da bargo na kai ta can na zaunar, na ce ko me ta ji kada ta fito.

Baba ya tsaya gaban murhu ya yi jawabi, ya bi kalmar nan tun daga taru har ƙaho har ƙurar gado, ya zazzagi mutanen Holan da na Faransa. Matar Rabaran tana gyangyaɗi, taru na ƙarni a bayanta. Da ya gama ya leƙa ta taga ya ɗaga hankici. Gadsby manomi yana kan rufi da dinyata a hammata, ya sha ya yi tatil don wai ya ji ƙarfin hawa tsani. Ya yi ihu, "Maigida, ta kai ko ta gindi?" Baba ya ce, "Ta gindi, sakarai, fukafukan ake so su buɗe!"

Enoch, na sha yanka dinya da hannuna, ban taɓa jin irin wannan kuka ba. A cikin bango yake fitowa, kamar gidan ne da kansa ke kururuwa. Sai kunkunniya ta fara zubowa, da fari kaɗan kaɗan, dattawa na tafi. Can sai ta ɓarke gaba ɗaya. Baƙin gari, da sheƙar hankaki, da busassun 'ya'yan tsuntsaye, da wani abu mai jela da ban tsaya tantancewa ba, duk suka yi tsalle daga murhu suka rufe falo. Matar Rabaran ta buɗe baki za ta yi ihu, bakin ya cika. Ɗaya daga cikin mutanen birni ya yi amai a cikin hularsa, ya rasa inda zai ajiye ta, ya riƙe abarsa.

Ana cikin haka zubowar ta tsaya, kukan bai tsaya ba. Ashe ramin ba miƙaƙƙe ba ne, yana da gwiwa a tsakiya, daidai ɗakin Ada. A nan dinya ta cije, ba sama ba ƙasa. Gadsby ya ja igiya, ya sake ja da ƙarfin giya, igiya ta tsinke, saura ƙiris ya faɗo daga kan rufi ta baya. Aka kawo sandar shanya aka yi ta zungura daga ƙasa, aka jefa bulo daga sama wai ya turo ta. Bulon ma ya zauna.

Na ce a fasa bango a cire ta tun tana da rai. Baba ko kallona bai yi ba. Yana durƙushe cikin dattin yana tona da yatsu, ya tsinto gashi guda uku ko huɗu, ya ɗaga su sama, fuska baƙi ƙirin sai haƙora: "Jama'a, ga shi! Ga uban kalmar!" Na ce, "Baba, wannan ai gashin dinyar yau ne." Ya ce, "Mace ba ta san bambancin tsohon gashi da sabo ba." Rabaran, mutumin da ke mana wa'azin tausayi kowace Lahadi, ya kama hannunsa yana taya shi murna, alhali abar tana kuka a bayan kansa.

Baƙi suka watse suka bar ni da falo. Ina wanke bango tana kuka, ina kwashe dattin tana kuka, muryar na raguwa. Washegari muna shirin tafiya coci ta yi shiru. Ada ta tambaye ni me ke cikin bangonta, na ce iska ce.

Yanzu an gudu ba a tsira ba. A da hayaƙi rabi na fita rabi na dawowa, yau ko numfashi ba zai wuce ramin nan ba. Ba wuta a gidan nan, ga ƙanƙara ta fara kwanciya a taga. A gidan Odling nake girki, a can nake gasa bulo in naɗe a tsumma in sa wa Ada a gado. Baba ya ce ba mai fasa masa bango, don mutanen birni za su dawo su auna gwiwar.

Ban roƙe ka ka zo ba wannan karon, na gaji da roƙo. Na dai faɗa maka.

Keziah

Louth, Disamba 1893

Enoch,

Gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Dubi sunan garin da ke saman takardar nan, daga gidan Yaya Rhoda nake rubutu. Ada na da rai. Na fara da wannan don kada hankalinka ya tashi, sauran kuma ka karanta a zaune.

Duk sanyin nan bai hana dinya ruɓewa ba. Wari ya fara daga ɗakin Ada ya sauko, ya shiga tufafi, ya shiga man shanu. Sai tsutsotsi suka fara faɗowa cikin murhu, farare masu ƙiba, suna rarrafe a kan dutsen da nake gasa burodi. Ina sharewa wasu na saukowa. Uwargida Odling da ta ce a zura agwagwa biyu, ita ce ta fara toshe hanci in na shiga gidanta. Na so in mayar da gadon Ada ɗakinmu, da yake a wurinta nake kwana, na tarar Baba ya cika shi da taru da kwalabe tun ranar taro, ya sa makulli. Na ja gadon dai nesa da bango iya yadda ɗakin ya ba ni.

Ranar Talata bayan abincin rana na bar ta tana barci, na tafi gonar Gadsby karɓo madara. Ina fita Baba ya sami dabara. Wai in aka hura wuta mai hayaƙi sosai, gawar za ta ƙyafu kamar cinyar alade, ta bushe ta daina wari, ba sai an taɓa bango ba. Ya cika murhu da ɗanyen itace da jiƙaƙƙen ciyayi, ya kunna, ya rufe ƙofar falo don kada hayaƙin ya ɓata, ya fita tsakar gida ya ga ta inda zai fito.

Tun daga kan hanya na hango hayaƙi na tsattsafowa ta ƙarƙashin rufi, ta tagar bene, ta ko'ina ban da bakin bututu. Na yar da madara. Na wuce Baba a tsaye, hannu a baya, kai a sama. Matakalar ba na ganin ta, da hannu na lalube ta. Na tarar da Ada ta sauko daga gado ta rarrafo har bayan ƙofa, a nan ƙarfinta ya ƙare. Leɓunanta sun yi shuɗi, Enoch. Ba ta tari. Duk watannin nan ina addu'a tarin ya tsaya, ranar na roƙi Allah ya dawo da shi.

Na fito da ita na kwantar a kan ƙanƙara, ina jijjiga ta ina hura mata baki ina kiran sunanta, har ta ja wani numfashi mai ƙara, ta amayo baƙin ruwa a kan rigata. Sai a lokacin Baba ya matso. Na zaci jikarsa zai duba. Fuskarsa a ɓace, kamar zai yi kuka, ya nuna rufi ya ce, "Dubi yadda yake kwarara, yarinya, kamar ruwa. Kada dai a ce mutanen Faransa ne ke da gaskiya?" Da ya ga irin kallon da nake masa, ya dubi Ada ya ce, "Ai da kin bar mata taga a buɗe."

Ban zage shi ba. Ban iya ba don ƙyama. Na naɗe 'yata da mayafina, Gadsby ya kai mu tashar jirgin ƙasa a keken dokinsa, ko ɗankwali ban koma ɗauka ba.

Likitan nan na Louth ya daɗe yana sauraren ƙirjinta. Ya ce za ta tashi, amma huhun ya taɓu, kowane sanyi sai an yi tsaron ta, kuma kada ta ƙara kwana inda hayaƙi yake. Ya tambaye ni tun yaushe take shaƙa, na faɗa masa. Ya ce, "Uban yarinyar ya rasu ne?" Na ce yana Hull.

Rhoda ta ba mu ɗakin bayan shagon burodinta, ɗumi gare shi, iska kuma tsaf. Ka rubuto wa Ada, kullum sai ta tambaya.

Keziah

Louth, jajibirin Kirsimeti 1893

Enoch,

Ina gaishe ka, ina fata ka isa lafiya. Na san ka isa, don na ga wucewarka.

Da takardarka ta zo cewa ka sami hutu kana tafe ran Asabar ka sasanta mu, har na ji sanyi a raina. Ka ce Baba ya yi nadama a zuciyarsa ko da bai furta ba, kuma bai kamata tsoho ya ci Kirsimeti shi kaɗai ba. Ban damu da wannan ba. Na ce dai jirgin ƙasan Hull sai ya tsaya a Louth kafin ya kai Fenby, mutum zai sauka ya ga 'yarsa tukuna, sauran magana a yi ta daga baya.

Ada ta ƙi zama. Rhoda ta ce, "Keziah, kada ki fitar da yarinyar nan cikin sanyi saboda namiji." Na ce ubanta ne. Na sa mata riga a kan riga, na rufe mata baki da hanci da gyale, na ɗauke ta har tasha, don har yanzu in ta yi tafiya kaɗan sai ta tsaya neman numfashi.

Jirgi ya tsaya. Mutane suka sauka, muna duba fuska ɗaya ɗaya. Ita ta fara ganin ka, a taga, da hularka mai ruwan toka. Ta fizge gyalen ta yi ta kira, muryar ba ta fita sosai. Ka gan mu, Enoch. Ka miƙe tsaye, har ka kai hannu ga ƙofa, ina kallo. Sai ka tsaya. Ka sauke gilashi ka ce, "Gobe! Bari in fara ganin Baba, kada ransa ya ɓaci!" Ka cillo ƙunshin alewa ya faɗi a kan dakali, jirgi ya ja.

Duk ƙyamar da na ji a watannin nan, ta taru da ta tsutsa da ta gawar da ke cikin bango, ba wadda ta kai ta wannan lokacin. Baba tsoho ne da kalma ta cinye wa hankali, ba ya ganin kowa. Kai kuwa kana gani sarai.

Goben ta zo ta wuce, yau ga jajibiri. Gadsby ya shigo kasuwa ya ce an gan ka kan tsani kana taya Baba auna gwiwar bututu.

To ga abin da na yanke, ba shawara nake nema ba. Ada ba za ta koma gidan nan ba, ko an share ko ba a share ba. Na kama aiki a shagon Rhoda, hannuna ya iya kwaɓa burodi, zai ciyar da mu. Na san doka taka ce, in ka ga dama kana iya zuwa ka ɗauke ta. In za ka yi haka, ka zo da rana, ka shigo ta ƙofar shago a gaban mutane, ka ɗauke ta daga hannuna kana jin yadda take numfashi. Na san ba za ka iya ba, don wannan ma sai an tsaya da ƙafa biyu ake yin sa.

A hanyarmu ta dawowa daga tasha ta kwantar da kai a kafaɗata ta ce, "Mama, Babana bai gan mu ba ne?" Na buɗe baki zan rufa maka asiri yadda na saba, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Ya gan mu." Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ƙara tambayarka ba har yau.

Allah ya ba ka lafiya. Ka gai da Baba.

Uwar Ada,
Keziah